Curin da ke Zuwa ta Hagu

Shekarar da aka yi wa hasumiyar babban masallacin Agadez sabon yaɓe, idon Baba na hagu ya riga ya mutu. A gida kowa ya sani, ba mai faɗi. Inna ta koma miƙa masa shayi ta dama, shi ke nan.

Ni ban iya irin wannan shiru ba. Ga yadda aikin yake: magina suna hawa itatuwan nan da suka fito daga jikin hasumiyar, kowa ya zauna a kan nasa. Na ƙasa ya jefo curin laka, na sama ya cafe ya jefa gaba. Wurin Baba tun yana saurayi can kusa da ƙoli ne, kuma ta hagu curin yake zo masa. Wana, da ya kamata ya karɓe shi, yana jeji wurin haƙar zinariya, ko waya ba ya ɗauka.

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Ranar da ake cuɗa laka da ciyawa, na dire bidon ruwan da na ɗauko a ka na nufi Sarkin Magina kai tsaye.

"Ranka ya daɗe, Babana ba ya gani da hagu. Ku sauke shi."

Ya dube ni, ƙafarsa cikin laka, irin kallon da ake wa ƴan makarantar boko. "Ƴar lakwal, ke kika haife shi?"

"In ya faɗo, ni ce marainiya, ba kai ba."

Magina suka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. "Wuce gida," ya ce.

Washegari ina cikin mata masu kawo ruwa, wuyana ya ƙage da kallon sama. Ba a sauke shi ba. Sarkin Magina dai ya juya layin masu jifa gaba ɗaya, kowa ya koma ɗaya gefen, suna ta gunaguni hannu bai saba ba. Wani ya ƙwalo daga sama: "Tsoho, yau duk mun zama bahagwai saboda ɗiyarka!"

Curi ya riƙa zuwa ta dama. Baba na cafewa yana yaɓawa, ni kuwa duk jifa sai na bi curin da ido har ya shiga hannunsa.

Da la'asar ya sauko. Bai kalle ni ba. Ya tuɓe rigar aikin, ta yi nauyi da laka, ya miƙo.

"Ki wanke ta bushe da wuri. Da ita zan hau gobe."

Na wanke ta kamar zan yaga ta.