Jatan landen da na ƙi canza wa suna

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a jami'a, na yi rigima a kan wata halitta da ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ni haifaffiyar Makka ce, a unguwar Mansur na tashi, garin da ko rafi babu, amma na tashi na ce sai ilimin halittun teku zan karanta. Kullum da safe sai in bi mota zuwa Jidda, inda jami'ar take a bakin teku. Kawuna kan ce, "Duk karatun duniya ki rasa na yi sai na kifi."

Aikin kammala karatuna ya zo da sauƙi a ido. Wani jirgin bincike ya kwaso taɓo daga can ƙasan Bahar Maliya, inda hasken rana ba ya kaiwa. A cikin taɓon aka tsinci wani irin jatan lande fari fat, mai manyan hannuwa biyu kamar na kunama, wanda ke haƙa rami ya zauna ciki. An zuba guda shida a kwalabe. Daktorar da ke duba aikina ta ɗaga kwalba ɗaya ta kalle ta ta taga, ta faɗi sunan wani jinsi da aka daɗe da sani, ta ce in rubuta bayaninsa in kawo.

Na zauna gaban mijhar, wato madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, na buɗe littafin tantancewa. Nan na fara ganin abin da bai yi daidai ba. Jinsin da ta ambata yana da baƙin ido, nawa kuwa idonsa fari ne, makaho ne. Na juya shi rigingine. A wannan dangin, kafar haihuwar mace tana gindin ƙafa ta uku, ta namiji tana gindin ta biyar. Nawa yana da duka biyun. Na ce ko idona ne ya gaji. Na duba na biyu, na uku, har na shida. Duk haka suke. Wannan kuwa siffar wani jinsi ce daban, ba wanda ta ambata ba.

Da na kai mata zanen da na yi, ko karɓa ba ta yi ba.

"Ya binti, 'yata, shekara nawa kika yi kina ganin teku? Rubuta abin da na ce, halas, magana ta ƙare."

Na ce, "Daktora, ki leƙa sau ɗaya kawai."

Ta ce ba ta da lokaci, kuma in na kawo wani suna ba za ta sa hannu a aikin ba. Rashin sa hannunta na nufin maimaita shekara.

Na dawo gida na tarar da mahaifiyata tana suyar masar da take sayarwa, kawuna na zaune a gefe. Na ba su labari. Kawu ya yi dariya har da buga cinya.

"Yanzu a kan ƙwaro mata-maza za ki zubar da shahadar digirinki? Ki rubuta mata abin da take so mana. Wa zai sani?"

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, kuma ko a miya ba ta son jatan lande. Ta juya masa a tanda, sannan ta dube ni.

"Kin gani da idonki?"

"Na gani, Umma. Sau shida."

"To shaidar zur shaidar zur ce, ko a kan ƙwaro."

Na rubuta abin da na gani. Daktora ta riƙe aikin mako biyu, daga baya ta bari ya je gaban kwamiti, ina jin don a kunyata ni ne a bainar jama'a. Ranar kare aikin na shigo ɗauke da mijhar a hannu ɗaya, kwalabe a ɗaya, abayata na neman kayar da ni. 'Yan ajinmu suka fashe da dariya. Na ce, kafin a yi min kowace tambaya, ina roƙon wata daga cikin malaman ta duba.

Wata dattijuwar malama da aka gayyato daga wani sashe ta cire tabarau ta sunkuya. Ta daɗe a haka. Ta ce in juya mata na biyu. Da ta ɗago, daktorata ta kalla, ta ce, "Yarinyar nan tana da gaskiya."

Na ci jarrabawa, amma ban ci bulus ba. Daktora ta ba ni maki mafi ƙanƙanta da za a iya wucewa da shi, ta kuma ƙi rubuta min takardar shaidar da zan nemi digiri na biyu. Hanyar bincike ta rufe min daga nan. Yau kimiyya nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a unguwar Aziziyya, nan Makka.

Wani lokaci abin yana yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Kuma na yarda akwai taurin kai a lamarina, da na iya lallashi da wataƙila mun rabu lafiya. Amma nadama kam ban yi ba. A ajina yanzu, in ɗaliba ta ce min, "Malama, ba haka na gani ba," ajiye alƙalamin allo nake yi in taka har teburinta in sunkuya. Sau biyu ke nan ana kama ni da kuskure, kuma duka biyun a gaban aji na gyara.