Mai Waldan da Ake Kira Ɗan Jarida

Direbobi suna cewa idan sauri kake yi, kada ka kai masa motarka. Mai shayin bakin garejin ya ce bai taɓa ganin ya kunna injin walda a ranar da aka kawo mota ba. Matar mai waldan kuwa dariya take yi: "Ko takalmi na saya, sai ya kife shi ya ga yadda aka ɗinka." Yawan tambayar nan ne ya sa aka laƙaba masa Ɗan Jarida, alhali sana'arsa ƙera bamba ce, ƙarfen gaban motocin da ke shiga daji, da ɗaura musu winci, injin nan mai igiyar ƙarfe da mota ke ciro kanta da shi idan ta kafe.

Da safe yakan share garejin da kansa, ya maƙala alli a kunne, ya jawo wa mai mota benci. Sai tambaya ta fara. Ina take zuwa? Yashi ne ko taɓo? Akwai bishiyar da za a ɗaura igiya, ko fili ne fetal? Wa ke zama a gaba? Daga nan ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya yanka kwali siffar bambar, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa. Inda winci zai zauna yakan sa ƙarfe mai kauri, ya ɗaure shi da noti a jikin shasi, wato ƙashin motar. Gefe biyun kuwa da gangan yake rage musu kauri. Ya ce idan ƙarfe ya ƙi lanƙwasa, dukan wucewa yake yi ya sami na ciki.

Wannan ne ya haɗa shi da Cinnaka, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, direban da ke kai ma'aikatan asibiti ƙauyuka.

"Kai tsoho, bango nake so," in ji Cinnaka. "Wanda ko giwa ta gani za ta kauce."

"Giwa nawa ka taɓa gamuwa da su? Kai da akuya ke sa ka salati."

Ranar karɓar mota, Cinnaka ya ƙwanƙwasa gefen bambar, ya ji ƙarar ba nauyi. Gaban direbobi ya ɗaga murya: "Ɓarawon ƙarfe! Ka cinye rabin bambata!" Babu dariya a fuskarsa.

"Da wasa kake ko da gaske?" Ɗan Jarida ya tambaya.

Cinnaka ya ja motarsa ya tafi. Maganar ta riga shi isa tasha. Garejin ya yi shiru, har mai shayi ya fara tunanin sauya wuri. Abin da ya fi cin Ɗan Jarida ba rashin aikin ba ne, sunan ɓarawon ne.

Da damina ta yi nisa, motar Cinnaka ta zame a taɓo ta daki kututture. Ma'aikaciyar jinyar da ke zaune a gaba ita ta ba da labari: gefen bambar ya naɗe, shasi bai motsa ba, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, wincin kuma ya fisgo su suka isa inda ake jiransu. Da aka dawo da motar, kowa ya zaci Ɗan Jarida zai yi gori. Sai ya tsuguna yana shafa lanƙwasar. "Ashe ta nan ya fara ba da kai? Ni ta can na zata." Ya wuni yana juya ƙarfen.

Direbobi sun dawo, amma ba duka ba. Cinnaka kuwa duk sanda aka tayar da zancen sai ya ce, "Ai wasa nake, abokin wasana ne."

Ɗan Jarida, kai ne ka koya wa direbobi cewa tambaya ba ɓata lokaci ba ce. Mutane da yawa sun koma gida da ƙafafunsu ba su ma san da hannunka a ciki ba. Yanzu hasken walda ya rage maka gani, ka ajiye alli. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a sana'a, ku zauna ku saurari mai aiki kafin ku taɓa ƙarfe.

Ranar da Ɗan Jarida yake kwashe kayansa, direbobi sun cika garejin. Cinnaka ya shigo ya tsaya yana murza hula.

"Me ka bankaɗe kuma? Akuyar ce?" in ji Ɗan Jarida.

Ba wanda ya taɓa jin Cinnaka ya kira shi Yaya sai ranar.

"Yaya, a gaban mutane na faɗa, a gabansu zan janye. Ba wasa nake ba ran nan, da gaske na faɗa, kuma ƙarya na yi maka. Don Allah ka yafe mini."