Alhaji Ya Ce In Dawo Masa Da Ragowar Link

"Kai yaro, ina sauran?"

Haka Alhaji Buba dillalin shanu ya tsare ni yau a shagon kwamfuta na kawuna a Lokuwa. Ban daɗe da zuwa daga Belel ba, aikin ma koyo nake.

Ɗan Alhaji ya ɗora bidiyon bijimai a intanet, za mu tura wa mai saye link ta imel. Link ɗin dogo ne kamar igiyar rijiya, in an tura sai ya karye biyu ya ƙi buɗewa. Sai na sa shi a shafin gajarta link da Kawu ya nuna min, ya fito ɗan guntu.

Na ce, "Alhaji, shi ne dai, an gajarta ne."

"Wa ya gajarta? Ni da na kawo abu cikakke! Bijimai manya za ka ɗaure da guntun igiya? Mai saye ya ce 'yan maruƙa ne? Ka fito da ragowar ko in sa kawunka ya maida kai Belel."

Wallahi sai da na leƙa bayan kwamfuta.

Ƙarshe na tura duka biyu. Mai saye ya kira, ya ce dogon ya ƙi, guntun ne ya buɗe.

Alhaji ya gyara hula. "Ka gani? Da babban bai raka shi ba, da bai isa ba."

Aikina dai ya tsira. Amma don Allah masu ilimi, ragowar nan ina take zuwa? Kar gobe ya dawo karɓa.