Takardar da Malam Ya Karanta Mini

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Masu tambayar jikin ɗiyata Hauwa'u, ku yi haƙuri da ni.

Da tabo-tabo kalar shayi da madara aka haife ta. Kowa ya ce tawadar Allah ce. Tana shekara bakwai ciwon kai ya matsa mata, ni da babanta muka kai ta asibiti nan Mubi. Likita ya ƙirga tabon, ya kalli ƙullutu-ƙullutun da ke wuyan babanta, ya yi masa Turanci, ya miƙa masa takarda.

Ni allo na yi, sai ɗan yaƙi da jahilci. A kan mashin, hanyar Kolere, na ce, "Malam, me aka rubuta?"

Ya ce, "Ba komai, tawada ce. A ba ta farasitamol."

Na adana takardar cikin katin asibiti.

Bayan shekara, tana hura mini wuta da safe, hannunta na hagu ya saki, baki ya karkace.

A Yola likita ta buɗe katin, ta ce, "Mama, tun bara aka turo ku hoton jijiyoyin kai. Me ya tsare ku?"

Na dubi Malam. Ya dubi ƙasa.

Hoton ma ba allura, ba zafi. Na'ura irin ta awon ciki aka ɗora mata a gefen kai, ina jin gudun jininta, fuu, fuu. Aka ce jijiya ta tsuke, kuma ciwon na gado ne.

A baranda Malam ya ce mini, "Tsoro na ji a ce jinin gidanmu ba kyau."

Shekara ashirin ina ɗaukar maganar mutumin nan kamar karatu.

Sati uku muka yi a gado. Akuyoyina biyu suka tafi. Yanzu ana yi mata gashi, tana shan ƙwaya kullum, an hana ta hura wuta don yana tayar da ciwon. Tana zuwa Islamiyya da ƙafarta, hannun dai bai riƙe kofi sosai ba. Alhamdulillah.

Likitoci, nas-nas, da ku masu addu'a, Allah ya saka da alheri.

Iyaye mata, in yaro na da irin tabon nan da yawa, ku kai a duba, ku tambayi hoton kai. Kada ku bar ofishin likita sai ya faɗa muku da bakinsa, da Hausa ko Fulatanci.

Malam ya roƙe ni gafara. Na ce Allah ya yafe mana. Tawa ba ta fito ba tukuna, kuma ba zan yi masa ƙarya ba.