Tutoci biyu a jakar Tamimu

Idan ka bi titin Grand Concourse a nan Amurka ka ga wani dogon mutumin Tawa yana sayar da lema da safar hannu, Tamimu ke nan. Shekara da shekaru teburina na jikin nasa, ni turare nake sayarwa. Amma da can shi tuta yake sayarwa, kuma wallahi ya iya.

A 2011, da ƙasashen Larabawa suka yamutse, kusan kullum akwai masu zanga-zanga a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Tamimu sai ya cika jaka biyu ya nufi can. Ɗaya tutar 'yan tawayen Libiya, ɗaya koriyar tutar gwamnati. Wanda ya ɗaga hannu a miƙa masa.

Na ce, "Haba Tamimu, mutane na mutuwa a kan tsummokaran nan, kai kana ciniki?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam Kudus, faɗan Larabawa ne. Ina ruwan biri da gada?"

Ashe da ruwansa. Ƙanensa Issoufou, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a babban birnin Libiya, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Tun farkon rikicin, kafin a katse layuka, Tamimu ya yafa koriyar tutar a kafaɗa, ya sa aka ɗauke shi hoto yana washe baki, ya tura wa ƙanen nasa a waya. Wai ya ga yadda kayan ƙasar da yake zaune ke tafiya a Amurka.

Sai manyan ƙasashe suka aika jiragen yaƙi, wai kare talakawa za su yi. Kare talakawa! Suka yi ruwan bama-bamai, gwamnati ta faɗi, suka kaɗe riga suka yi gaba. Kowane ɗan iska ya samu bindiga ya datse hanya, duk baƙar fatar da ya gani a wurinsa sojan hayar tsohuwar gwamnati ne. Daga nan wayar Issoufou ta daina shiga.

Tamimu ya koma wajen masu sayen tutarsa, masu kwat ɗin nan da ke ihun 'yanci a lasifika, yana nuna musu hoton ƙanensa. Wani ya ce ya rubuto takarda. Wani ya ce ai su ma baƙaƙen sun yi ɓarna. Tir! Matar Issoufou, Zeinabou, kuwa duk Juma'a sai ta kira daga Tawa, maganarta ɗaya: "Yaya, an ji wani abu?"

Sai bayan shekara biyu wani ɗan garinsu, wanda suka gudo a mota ɗaya da Issoufou, ya samo lambar Tamimu. Ana tsakiyar ciniki ya kira, Tamimu ya ƙara murya ina ji. Ya ce a wani shinge aka sauke su duka, ana duba wayoyi. Kowa ya goge abin da ke cikin tasa tun a hanya. Issoufou ma ya goge komai, sai hoto ɗaya da ya ce ba zai iya ba. Masu bindigar suka gani, suka ce ai kai ne wannan da koriyar tuta. Issoufou yana ta rantsuwa, "Yayana ne, yana Amurka." Aka ja shi bayan wani gini, motar ta tafi ba shi.

Ranar Tamimu ya zuba jakunkunan nan biyu a shara. Na so in ce ai na gaya maka, na kasa. Har gobe bai faɗa wa Zeinabou ko wane hoto ne aka gani a wayar mijinta ba. Idan Juma'a ta yi wayar ta yi ƙara, ni yake miƙa wa.