Bakaniken da Ya Maido wa Motar Yara Hayaniyarta

Kafin masu dankali su fara lodi a kasuwar Njombe, Baba Atanasi Mwalongo ya riga ya fito da kujerarsa bakin gareji, wuya a naɗe da mayafi, kofin shayi a hannu. Ba ya kunna rediyo, ba ya son hira a lokacin. Motocin da ke fitowa daga gidaje yake saurare, tun injinsu bai yi zafi ba. Ya sha gaya mana cewa inji da sanyin safiya yake faɗin gaskiya, da ya ɗumama sai ya fara ɓoye-ɓoye. Mun yi masa dariya har mun gaji, direbobi kuma suka laƙaba masa Kunnen Gari. To, kunnen nan yanzu ya yi nauyi, Baba zai ajiye sifana ya bar aikin kanikanci, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Kowa a unguwarmu ya san ƙaramar bas ɗin Maman Tulizo, wadda ke kai yaranmu makaranta. Sanyin garin nan ba ya wasa, saboda haka gilasan motar kullum a rufe suke ruf. Iyaye kuwa ba abin da suke sai yabonta. Yaron da ya gagari uwarsa a gida, da ya shiga motar sai ya yi laƙwas, kafin a kai makaranta ya yi barci. Wasu na dawowa da ciwon kai, wasu da amai, a ce ai sanyi ne.

Wata safiya bas ɗin ta zo wucewa, Baba ya ji injin na yin tik-tik-tik kamar keken ɗinki. Ya ɗaga kai ya ga kawunan yara duk sun langaɓe a jikin gilashi. Sai ya ajiye kofi ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Baba, ka gaji da duniya ne?" in ji Maman Tulizo, ta leƙo a fusace. "Matsa mini, mun makara!"

"Kashe motar, 'yata. Buɗe ƙofa ki fito mini da yaran nan."

"Barci fa suke! Ka san wahalar da ake sha kafin su yi shiru?"

"Shirun nasu ne bai yi mini ba. Ke kanki, kanki ba ya sara miki?"

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta dafe goshi. Mai shayin da ke gefe, Mama Onesta, ita ta taya su fito da yaran. Har yau tana ba da labarin wata yarinya da sai da aka yi ta jijjiga ta a iska kafin ta buɗe ido. Baba ya tare wata mota ya sa aka wuce da su asibiti, sannan ya buɗe injin.

Gaskit ɗin manifol ne ya ƙone, wato 'yar siririyar shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da bututun da ke kwashe hayaƙi zuwa salansa. Ya nuna wa Maman Tulizo baƙin hayaƙin da ya taru a wurin. Hayaƙin da ya kamata ya fita ta baya, shi ne yake kurɗawa cikin motar. In inji ya yi zafi ƙarfe ya kumbura ya toshe kafar, ƙarar sai ta lafa, shi ya sa duk wanda ya duba motar da rana ya ce ƙalau take. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta yi kuka sosai, shi kuwa ya sa wa motar sabon gaskit.

Baba, kai ne wanda bai taɓa mayar da tsohon gaskit ba, ko da mai mota ya rantse cewa da sauran ƙwarinsa. Kai ne ka koya wa direbobin garin nan cewa ƙarar safiya, da baƙi a gefen inji, da warin hayaƙi a cikin mota, ba a ce musu sai gobe. Ka iya faɗa, wannan kowa ya shaida, amma ba mu taɓa jin ka yi wa wani gori da abin da ka yi masa ba.

Ranar da muka taru don yi wa Baba ban kwana, ana cikin cin tuwon masara sai ga bas ɗin ta tsaya. Yara sun cika ta da ihu da waƙa, wani na kukan an ƙwace masa hula.

"Ka ga abin da ka jawo mini ko, Baba?" in ji Maman Tulizo, tana magana dab da kunnensa.

Ya kafa hannu a bayan kunne ya daɗe yana saurare. "Injin kam ba na jin sa yanzu," in ji shi. "Amma waɗannan ina jin su."

Mun gode, Baba Atanasi, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma kanikawan da kuka rage, kujerar tana nan bakin gareji. Wani ya fito da sassafe ya zauna a kanta, domin gobe ma yaranmu za su bi ta hanyar.