Jikin Bindo, Kan Ɗan Attajiri

A unguwarmu ta San Frediano babu mai ƙirar Bindo. Yashi yake haƙa a kogin Arno tun yana saurayi, shebur ya faɗaɗa masa kafaɗu, ruwa ya murɗe masa ƙafafu. Fuskar ce dai Allah bai ƙarasa ba: hanci a karkace, haƙoran gaba biyu sun tafi.

Wata rana Zanobi mai zane ya hango shi a bakin gada ba riga, ya kira shi shagonsa. An ba Zanobi aikin zana waliyyi Sebastiano, wanda aka ɗaure aka harbe da kibau, kuma yana neman jikin da zai riƙa kallo.

Duk sanyin shekarar Bindo ya sha shi ɗaure a jikin ginshiƙi, daga shi sai ɗan ƙyalle.

"Kada ka motsa!"

"Maigida, ba ni ke motsi ba, ɗari ne."

Ranar da aka buɗe zanen a majami'a, duk mun je. Mata suka yi cirko-cirko. Ga haƙarƙari ana iya ƙirgawa, ga jijiyar wuya kamar za ta harba. Amma kan da ke bisa wuyan na ɗan attajirin silikin da ya sa aka yi aikin ne, saurayin da ko guga bai taɓa ja ba.

"Kai, dubi ƙirjin ɗan masu gida!" in ji wata tsohuwa.

"Nawa ne, Iya," in ji Bindo.

Aka kwashe da dariya. Ya fusata ya fara kwaɓe riga a gaban jama'a don su gwada, sai da limamin majami'ar ya kore shi.

A gida matarsa Tessa ta tura masa kwanon wake ta ce, "Ci, waliyyi. Su da jiki, ni da kai, kowa da rabonsa."

Da Zanobi ya sake nemansa, Bindo ya ce sai dai in har da fuskarsa. Zanobi ya rantse cewa wannan karon ba zai ɗora masa kan kowa ba.

Bai kuwa karya rantsuwa ba. Zanen na masu shiga kogi ne don wankan tsarki na baftisma, ga Bindo a gaba-gaba, ya sunkuya yana tuɓe riga, rigar ta rufe kansa ruf.

"Ina fuskar?"

"Tana cikin rigar mana. Bindo, bayanka ya fi fuskar sarki magana."

Bindo bai sake taka shagon ba. Ya koma yashinsa har ƙugu ya hana shi. Ya rasu a gidan 'yarsa Nencia, shekarar da kogi ya cika ya shiga kasuwa.